Yadda na raba kuɗin gadona tsakanin sukuk, hannun jari da ajiyar ko-ta-kwana

Rabona daga gidan mahaifinmu da aka sayar a Zariya ya shigo asusuna ne a daminar 2023, 'yan makonni bayan an cire tallafin man fetur an kuma saki naira ta nema wa kanta farashi. Dalar da hukuma ke bayarwa a kan kusan naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya ninka, kwanon shinkafa kullum da sabon farashi. Kuɗin ba su kai na sayen gida ba, amma sun fi ƙarfin a bar su a banki ana cirewa kaɗan-kaɗan har su ƙare. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, albashi nake jira, ba ni da shago ba ni da lokacin zaman kasuwa. Na kuma san lissafi guda: idan farashin kaya na tashi da kashi 25 cikin 100 a shekara, miliyan ɗayan da ka ajiye bana abin da dubu 800 ke saya za ta saya maka baɗi.

Shawara kuwa ta zo ta ko'ina. Yayana ya ce fili, domin ƙasa ba ta ruɓewa. Abokin aikina ya ce dala. Ƙanena da ke ƙauye ya ce a ɗaure shanu a yi kiwon Sallah. Da na ambaci hannun jari a gaban Kawu, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jaka cike da takardun shaidar hannun jarin bankuna, waɗanda ya saya lokacin da Babban Banki ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 a 2004 da 2005. Ya ce, "Ɗana, ka ga waɗannan? Kuɗin Hajjina ne na biyu. A 2008 suka narke ina kallo." Gaskiya ya faɗa. Ma'aunin da ke nuna hawa da saukar farashi a kasuwar hannun jari ya kai wajen maki 66,000 a watan Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ya dawo kusan 20,000, kuma mutanen Arewa da yawa daga ranar suka yi wa kasuwar hannun jari baram-baram.

Na daɗe ina juya labarin Kawu. Abin da na fahimta shi ne duk abin da ya mallaka a wuri ɗaya ya zuba shi, a sana'a iri ɗaya, kuma kuɗi ne da yake buƙata cikin shekara ɗaya ko biyu. Wannan ya sa ban fara da tambayar wane kamfani zai tashi ba. Na fara da tambayar yaushe zan buƙaci kowace naira. Manomi idan ya kawo amfanin gona gida yakan ware na ci, ya ware iri, ya ware na sayarwa, kuma ba ya taɓa iri don yunwar rana ɗaya. Haka na zauna da littafi na rubuta komai: abin da ke banki, adashin ofis, kuɗin makarantar yara na kowane zango, kuɗin haya, da shekarun da suka rage babbar 'yata ta shiga jami'a. Daga nan na yanke rabon: kashi 15 cikin 100 ajiyar ko-ta-kwana, kashi 35 sukuk (takardar zuba jari ta gwamnati da ke biyan haya maimakon ruwa), kashi 40 hannun jari, kashi 10 kiwo a hannun ƙanena. Ban ce rabon nan ya dace da kowa ba. Wanda ya kusa ritaya bai kamata ya kai hannun jari kashi 40 ba, matashi marar iyali kuwa zai iya wuce haka.

Ajiyar ko-ta-kwana ita ce mafi sauƙi. Na lissafa abin da gida ke ci a wata shida, na sa shi a asusun mudaraba, wato wanda banki ke juya kuɗin a raba riba, a ɗaya daga cikin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Yanzu muna da su da dama: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus Bank a 2021. Ribar da asusun ke kawowa ba ta kama ƙafar tsadar kaya, na sani. Aikinsa shi ne ranar da wani ya kwanta asibiti kada in sayar da hannun jari a farashin da kasuwa ta ga dama.

Wahalar ta fara ne wajen buɗe asusun kasuwa. Mutum ba ya shiga NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas, ya saya da kansa. Sai ta hannun dillali mai lasisi. Kafin in zaɓi dillali na shiga shafin intanet na Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, inda take jera sunayen kamfanonin da ta yi wa rajista da irin aikin da ta ba kowa izini. Na ga sunan kamfanin da nake nufi, na ga kuma izinin dillanci a gabansa, sannan na sauke manhajarsu. Wannan dubawar ita ce katangar da ke tsakanin mutum da irin su MMM da ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, da CBEX da ta maimaita haka a Afrilun 2025. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, nemi sunansa a wannan jerin kafin ku ci gaba da magana.

Abin da suka nema ba shi da yawa: lambar BVN, lambar NIN, hoto, takardar kuɗin wuta don shaidar adireshi, lambar asusun banki, da sunan magaji. Amma takarduna suka tsaya a kan suna. A BVN an rubuta sunana da "Mohammed", a NIN "Muhammad", a takardar makaranta kuma sunan garinmu ne a ƙarshe maimakon sunan kakana, kamar yadda aka yi wa 'yan firamare da yawa a zamaninmu. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, na kai banki suka gyara, na jira gyaran ya hau, sannan dillali ya ci gaba. Duk Bahaushen da zai shiga wannan harka ya fara jera katunansa a kan tabarma ya duba harafi bayan harafi, domin wannan saɓanin ne zai sake tare shi ranar karɓar riba, kuma shi ne zai wahalar da magadansa bayan ransa.

Bayan gyaran aka turo mini lambobi biyu. Ɗaya lambar asusuna ce a CSCS, kamfanin da ke ajiye hannayen jarin kowa a kwamfuta tun 1997, ɗayar kuma ana kiranta CHN, wadda ita ce shaidata a kasuwar ko da na sauya dillali. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Hannun jarina ba a aljihun dillali yake ba, yana CSCS da sunana, kuma zan iya neman bayanin asusuna daga can kai tsaye in gwada da abin da manhaja ke nuna mini. Na kuma cike fom ɗin da ke sa kuɗin duk abin da na sayar su wuce asusun bankina kai tsaye, ba tare da sun kwana a wurin dillali ba.

A watan Oktoban 2023 Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya buɗe sayar da sukuk na gwamnatin tarayya karo na shida: na shekara 10, kuɗin haya kashi 15.75 cikin 100 a shekara, mafi ƙarancin shiga naira 10,000. Na riga na san sunan sukuk daga allunan gefen hanya. Duk mai bin titin Kano zuwa Maiduguri ko Kano zuwa Katsina ya ga inda aka rubuta cewa da kuɗin sukuk aka yi wannan ɓangaren, tun na farko na naira biliyan 100 da aka fitar a 2017. Tsarinsa ijara ne. Ana tara kuɗin masu saye a gina hanya, masu kuɗin su zama masu rabo a kadarar, gwamnati ta karɓi haya tana biya duk wata shida, a ƙarshen wa'adi ta saye ta mayar wa kowa uwar kuɗinsa. Na kai wa malaminmu takardar bayanin, ya karanta ya ga akwai kwamitin malamai na Babban Banki da ya duba tsarin. Ya ce, "Malam, wannan haya ce, ba rance da ruwa ba. Wancan ɗayan da kake tambaya kuwa ka bar shi." Yana nufin takardar lamunin ajiya da DMO ke fitarwa kowane wata tun 2017, wadda ake shiga da naira 5,000, da kuma takardun baitulmali na kwana 91, 182 da 364. Su kuɗin ruwa suke biya, don haka ba su shiga littafina ba.

Na cike fom ta hannun dillalina, na tura kuɗi, na sa lambar CSCS. Bayan an rufe sayarwa aka nuna rabona a asusu, bayan wata shida kuma kuɗin haya na farko ya shigo banki ba tare da na je ko'ina ba.

Akwai abin da ya kamata mai sayen sukuk ya sani tun kafin ya sa hannu. Kuɗin hayar a tsaye yake, tsadar kaya kuwa ba ta tsaya ba: a Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ke nan abin da nake karɓa bai kai rabin abin da tsada ke cinyewa ba a wannan shekarar. Sannan a 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga 18.75 zuwa 27.5, sababbin takardun gwamnati suka riƙa biyan fiye da nawa. Da na so in sayar da sukuk ɗina a kasuwa a lokacin, sai na rage farashi kafin wani ya karɓa, domin ba wanda zai sayi mai biyan 15.75 a cikakken kuɗi alhali akwai mai biyan fiye da haka. Ban sayar ba, don ban sa kuɗin da zan buƙata da wuri a ciki ba. Amfanin sukuk a wurina shi ne na san ranar da kuɗi za su shigo da adadinsu, na kuma daidaita su da kuɗin makaranta. Kare dukiya daga tsada aikin wani ɓangaren ne.

Wancan ɓangaren shi ne hannun jari, kuma a nan na fi ɓata lokaci. Sayen hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani, don haka sana'ar kamfanin ta zama taka. Matakin farko ya fitar da kamfanonin giya, da bankunan kuɗin ruwa, da inshorar gargajiya, da caca. Mataki na biyu ya fi wuya, don sai an buɗe rahoton kuɗi. Ma'aunin da AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, ta shimfiɗa, wanda malamai da yawa ke bi, ya ce bashin ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuma abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa. Ni ba akanta ba ne. Abin da ya taimake ni shi ne jerin NGX Lotus Islamic Index, wanda aka kafa a 2012, inda ake tace kamfanoni da irin wannan ma'auni ana kuma sake dubawa lokaci-lokaci. Daga cikinsa na zaɓi 'yan kaɗan a sana'o'i daban-daban: siminti, sadarwa, man ja, abinci, da banki marar ruwa. Wanda ba ya son zaɓe da kansa akwai Lotus Halal Equity ETF, da ake saye a kasuwar kamar kowane hannun jari, wanda ke tattara kamfanonin jerin a ƙunshi ɗaya.

Na ƙi sayen kamfanin da ban san abin da yake sayarwa ba. Siminti ina ganin tirelolinsa a hanyar Kaduna, katin waya ina saye, man ja yana kicin ɗina. Wannan ba ya tabbatar da riba, amma idan rahoton shekara ya fito ina gane abin da ake magana a kai.

Ban zuba kashi 40 ɗin a rana ɗaya ba. Na raba shi ina saye wata-wata, don kada in kwashi komai a ranar da farashi ya yi sama. A manhaja mutum zai rubuta sunan kamfani, adadin da yake so, da farashin da ba zai wuce ba. Idan an sami mai sayarwa ciniki ya faɗa, a turo masa takardar shaidar ciniki. A wannan takardar na ga kuɗaɗen da ake cira: la'adar dillali, kason SEC, na CSCS, kuɗin hatimi da harajin VAT. Idan aka haɗa sun kusa naira 2 a cikin kowace 100 wajen saye, haka kuma wajen sayarwa. Wanda ke saye yau ya sayar jibi sai farashi ya tashi da kusan kashi 4 kafin ya mayar da kuɗinsa kawai. Shi ya sa ba na sauraron dandalin WhatsApp da ake cewa "ku shiga wannan kafin Juma'a". A Janairun 2024, lokacin da ma'aunin kasuwa ya haura maki 100,000 a karon farko, irin wannan kiran ya yi yawa, har waɗanda ba su taɓa buɗe rahoton kamfani ba suka zama masu ba da fatawa.

Ribar da kamfani ke rabawa ba ta hannun dillali take zuwa ba. Kowane kamfani yana da rajistara, wato kamfanin da ke riƙe da sunayen masu hannun jarinsa, kuma sai ka cike fom ɗin karɓar riba ta banki, bankinka ya tabbatar da BVN da sa hannu, sannan kuɗi su riƙa shigowa. Ana cire harajin kashi 10 tun daga tushe. Misali, Dangote Cement ya raba naira 30 a kan kowane hannun jari na shekarar 2023. Mai guda 100 rabonsa naira 3,000, abin da zai gani a asusu 2,700. Da na gama nawa sai na koma wa jakar Kawu. Muka sa sunansa a shafin SEC na neman ribar da ba a karɓa ba, sai ga wasu daga cikin takardun nan suna da kuɗin da suka taru shekaru, domin a da ta gidan waya ake aiko da takardar riba kuma ya bar adireshin tun tuni. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba ana mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, amma mai ita yana da haƙƙin nema. Muna kan bin nasa rajistara bayan rajistara. Ina da yaƙinin akwai irin wannan jakar a gidaje da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato, magada ba su san abin da ke ciki ba.

Gwajin haƙuri ya zo mini a 2024. Ɗaya daga cikin kamfanonin da na saya yana da nauyin da ake biya da dala, faɗuwar naira ta jefa shi cikin asara, bai raba riba ba, farashinsa ya sauka ƙasa da yadda na saya. Maiɗakina ta ga ina yawan duba waya da dare, ta ce, "Baban Khadija, kuɗin nan na cefanen gobe ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka ajiye wayar." Na zauna na karanta rahoton kamfanin: masu sayen kayansa ba su ragu ba, kuɗin shigarsa ƙaruwa ma yake, asarar daga canjin kuɗi ta fito. Dalilin da ya sa na saya bai canza ba, don haka na riƙe. A daidai lokacin kamfanin man ja, wanda farashin kayansa ke bin na duniya, yana ta hawa. Da na zuba komai a na farkon, da na shiga halin da Kawu ya shiga. Haka ma hatsi, wanda mutanenmu ke ɗauka ba ya ba da kunya: waɗanda suka cika rumbuna da masara a kakar 2024 suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya karye a 2025.

Sau ɗaya a shekara nake zama in duba komai, a farkon Ramadan, don in haɗa da zakka. Ina rubuta darajar kowane ɓangare a ranar, in ga ko rabon ya karkace. Idan hannun jari ya kumbura ya wuce rabin dukiyar, ba na gaggawar sayarwa saboda kuɗin ciniki; sai in daina ƙara masa, sabon kuɗin da na tara da ribar da ta shigo in tura su ɓangaren da ya rage. A zakka malamai sun bambanta tsakanin mai saye don sayarwa da mai riƙewa don riba. Ni na ɗauki abin da ya fi kwantar mini da zuciya: in haɗa darajar kasuwa ta ranar da kuɗin hannu, idan sun kai nisabi, kimar giram 85 na zinariya, in fitar da kashi 2.5. Ban da zakka akwai tsarkake riba. Kamfani mai sana'ar halal kan ajiye kuɗi a banki ya sami ruwa. Ina duba kason wannan a cikin kuɗin shigarsa, in cire daidai shi daga ribar da ya ba ni in bayar ga mabuƙata ba da niyyar sadaka ba.

A irin wannan zaman ne na lura cewa dukiyata mafi girma ba ta cikin lissafin: asusun fansho, inda kashi 8 na albashina da kashi 10 daga gwamnati ke shiga kowane wata. Tun 2021 Hukumar PenCom mai kula da fansho ta buɗe asusu na shida, wanda ba a zuba kuɗinsa a harkar ruwa. Na rubuta wa kamfanin fanshona na nemi a mayar da ni can, aka mayar.

A watan Mayun 2025 DMO ya sake fitar da sukuk, na naira biliyan 300, shekara 7, haya kashi 19.75, kuma buƙatun da aka shigar sun haura naira tiriliyan 2. Lissafin Ramadan ya nuna hannun jari ya yi wa sukuk nisa a littafina, don haka ribar da ta taru da kuɗin shanun da ƙanena ya sayar can na tura su. Yanzu ina da sukuk biyu masu wa'adi daban, ɗaya zai ƙare a 2032 ɗaya a 2033, daidai shekarun da ƙananan yaran za su kai jami'a in Allah ya kai mu. Na kuma rubuta takarda ɗaya mai ɗauke da sunan dillali, lambar CSCS da CHN, sunayen rajistara, bankin da riba ke shiga, da adadin shanun da ke ƙauye. Kwafi ɗaya yana wurin maiɗakina, ɗaya wurin Yaya, kuma duk Ramadan idan na gama lissafi nakan sabunta su.